Kwana a kan Chappal Waddi: a hura wuta ko a haƙura?

Bakano Mai Yawo:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Mu shida ne, dukanmu ma'aikata a Kano, kuma mun yi shekara biyu muna tara kuɗi domin mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mu kwana a kansa, mu yi sallar asuba a can. Mun tsayar da watan Janairu idan Allah ya kai mu. Mun sayi tanti biyu, mun tanadi takalman hawa da tocila da rigunan sanyi, amma mafi nisan abin da muka taɓa yi shi ne kwana ɗaya a tsaunukan da ke wajen Jos, kuma na san wannan tafiya ta fi waccan nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya kawo ni gabanku shi ne saɓanin da ya taso a tsakaninmu. Huɗu daga cikinmu suna ganin a kafa tanti a cikin kurmi, ƙarƙashin itatuwa, inda iska ba za ta dame mu ba, a hura wuta babba da busassun itatuwan da ke wurin, a yi girki da ita, a ji ɗumi har gari ya waye. Ni da wani ɗan uwa ɗaya muna ganin a ɗauki ƙaramar tukunyar gas a bar itacen kurmin a inda yake. Sun ce mana kwanan daji ba tare da wuta ba ai wahalar banza ce, kuma ban sami hujjar da zan ba su ba face abin da zuciyata take raya mini. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su ba mu shawara a kan wannan, da kuma hanya da abin da ya kamata mu riƙe.

Ɗan Gembu:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da wannan niyya, Allah ya cika muku buri. Ni haifaffen Mambila ne, kuma na raka baƙi zuwa kan wannan dutse fiye da sau ɗaya, don haka bari in fara da hanya kafin a zo maganar wuta.

Daga Jalingo za ku bi ta Bali ku iso Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Kada ku wuce Serti ba ku shiga ofishinsu ba, domin dutsen yana cikin gandun ne, a kan iyakarmu da Kamaru, kuma ba a hawansa sai da izini da rakiyar jami'in gandu. A nan ne kuma za ku ji halin da hanya take ciki a makon da kuka zo, wanda ya fi duk abin da wani zai faɗa muku a waya watanni kafin tafiya. Daga Serti sai Mayo Selbe, a gindin hawa, daga nan mota ta fara nadaɗe dutse tana hawa har ku fito kan tudu wajen Maisamari, sannan Nguroje. Mafi yawan masu hawa ta Nguroje suke ratsewa zuwa ƙauyen Njawai, a nan ake ɗaukar 'yan dako, a nan kuma tafiyar ƙasa take farawa.

Maganar sanyi kuwa, ku yi lissafi da kanku. Kano ba ta kai mita 500 a kan teku ba, Jos tana wajen mita 1,200, tudun Mambila kusan mita 1,600, shi kuwa ƙololuwar Chappal Waddi mita 2,419. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Wato ku ɗauki daren hunturun Kano wanda kuke rufe taga ku ja bargo, ku cire masa kamar digiri goma sha biyu, sannan ku ƙara masa iska wadda babu gini ko katanga da za ta tare muku ita. Akwai wani tsauni a cikin gandun da Fulani suke kira Chappal Hendu, wato dutsen iska, kuma duk wanda ya kwana a saman waɗannan tsaunuka ya san dalilin sunan. Da rana kuwa, rana tana ƙona fata fiye da yadda take yi a ƙasa, har mutum ya cire riga yana gumi, amma da zarar ta faɗi sai hazo ya taso daga kwari ya rufe ku, tufafin da suka jiƙe da gumi su koma kamar ƙanƙara a jiki. Ku ware kayan barci daban a cikin leda, kada ku taɓa su sai za ku kwanta.

Tsohon Malamin Daji:

Na gode wa Ɗan Gembu, ya yi bayanin hanya yadda ya kamata. Ni kuma zan tsaya a kan tambayar da aka yi, domin na yi aikin daji shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma abin da zuciyarka take raya maka, ɗana, yana da hujja mai ƙarfi.

Wanda bai taɓa zuwa ba yana tsammanin daji ne ya lulluɓe dutsen gaba ɗaya. Idan ka hau za ka ga ciyawa ce ta mamaye yawancin saman, kurmi kuwa ya maƙale ne a cikin kwaruruka da bakin rafuka da gangaren da ya yi tsayi, gutsure-gutsure, wani ma za ka iya zagaye shi da ƙafa cikin rabin sa'a. Ya tsira a waɗannan wurare ne saboda danshi ya hana wutar daji shiga. Ka ɗauki gandun dajin Ngel Nyaki misali, kusa da ƙauyen Yelwa a kan hanyar Gembu: an keɓe shi tun 1969, faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin da ke ciki bai wuce kamar bakwai ba, kuma shi ne ake lissafawa cikin mafi kyawun abin da ya rage mana na irin wannan daji a ƙasar nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙanƙantar abin da muke magana a kai.

Idan ka shiga irin wannan kurmi da sassafe, ka tsaya shiru, za ka ji ruwa yana ɗiga daga rassa alhali ba a yi ruwan sama ba. Gansakuka ce da sauran tsirran da suka lulluɓe rassan suke tatsar hazo, su sauke shi ƙasa a hankali, ƙasar kuma ta riƙe shi kamar soso ta riƙa sakinsa cikin rafi har tsakiyar rani. Waɗannan ƙananan rafuka su ne suke haɗuwa su sauka zuwa kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Itacen da abokanka suke kira busasshe, wanda ya faɗi yana ruɓewa, yana cikin wannan aiki: shi ke riƙe laima, a jikinsa ƙwari suke rayuwa, a kansa ne sababbin tsirrai suke kama ƙasa. Itatuwan sama kuma ba su da saurin girma irin na ƙasa saboda sanyi, don haka gungumen da za ku ƙone a dare ɗaya ya yi shekaru masu yawa kafin ya kai haka.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Janairu tsakiyar rani ne, ciyawar saman ta bushe ƙarau, iska kuma ba ta tsayawa. Na taɓa ganin abin da tartsatsi ɗaya ya yi. Wasu baƙi sun tashi da asuba suka bar toka suna ganin ta mutu, kafin azahar iska ta tone ta, wuta ta kama ciyawa ta gangara har bakin kurmi. Ba ta shiga can ciki ba, amma ta cinye ƙananan itatuwan gefe duka, waɗanda su ne katangar da ke kare na ciki daga rana da iska. Na koma wurin bayan shekara uku na tarar ciyawa ta shiga inda dā inuwa ce. Haka kurmi yake ƙarewa, taku kaɗan kowace shekara, ba a lura. Shawarata ita ce ku ɗauki gas ɗinku, kada ku hura wuta ko kaɗan, kuma ku kafa tanti a wajen kurmi, a gefen da tudu ya tare muku iska, inda jami'in gandu ya nuna muku.

Bakano Mai Yawo:

Allah ya saka da alheri, Baba. Na tura wa abokan tafiyata wannan bayani kamar yadda yake, kuma biyu daga cikinsu sun sauko nan take. Sauran biyun suna tambaya ko za a iya ɗaukar gawayi da kurfoti daga gida, tunda ta haka ba a taɓa itacen kurmi ba, kuma za a iya shigar da shi cikin tanti a ji ɗumi idan dare ya yi nisa.

Malamar Asibiti:

Malam, ina roƙonka da girman Allah ka hana su wannan tun yanzu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kusan duk hunturu sai an kawo mana waɗanda suka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, wasu a sume, wasu kuma an makara. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle mutum ya farka. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki yake buƙata, sai mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma a cikin wannan barcin ake tafiya. Tanti da aka ja zip ɗinsa ya fi ɗaki haɗari domin ya fi ƙanƙanta, a kan dutse kuma iskar da ake shaƙa dama ta ragu. Hukuncin risho da tukunyar gas ɗaya ne da na gawayi: a yi girki a waje, a kashe, sannan a shiga.

Tunda na shigo, bari in ƙara abu biyu. Ciwon da tsayi yake jawowa yawanci daga mita 2,500 zuwa sama yake farawa, don haka wannan dutse yana dab da iyakar ne, kuma idan kun kwana ɗaya ko biyu a Nguroje ko Gembu kafin ku hau, jiki zai saba. Abin da na fi ji muku tsoro shi ne sanyi ya ci ƙarfin mutum har zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35. Alamarsa ita ce makyarkyata mai tsanani, sannan harshe ya yi nauyi, mutum ya fara magana ba kan gado, hannu ya kasa ɗaura igiyar takalmi. Idan kun ga haka ku cire masa jiƙaƙƙun kaya, ku naɗe shi da busassu, wani ya kwanta a jikinsa, ku ba shi shayi mai sukari idan yana cikin hayyacinsa. Ku sani kuma ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki, saboda haka abin da kuka shimfiɗa a ƙarƙashinku ya fi abin da kuka lulluɓa muhimmanci. Katifar soso siririya ga kowa, da tamfol a ƙarƙashin tanti.

Ruwan rafi kuma, komai kyan ganinsa, ku tafasa shi, domin shanu suna sha a sama da ku. A wannan tsayi ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 92, bai kai 100 ba, don haka ku bar shi yana ɓararraka minti uku kafin ku sauke.

Ɗan Gembu:

Maganar Malama babu abin cirewa a cikinta. Amma Baba Malamin Daji, da dukan girmamawa, akwai inda ban bi ka ba, kuma ina so a duba shi da idon adalci.

Ka ce kada a hura wuta ko kaɗan. Wannan mai sauƙi ne ga baƙo wanda ya zo da tanti da jakar barci da safa biyu. To 'yan dako fa? Na gan su da idona, samari daga ƙauye, kowa da kaya mai nauyi a ka, takalmin roba a ƙafa, da riga ɗaya mai hula wadda ta sha jiki. Idan dare ya yi, baƙi su shige tanti su ja zip, su kuwa su zauna a bayan wani dutse su haɗa gwiwa da ƙirji. Wutar nan da ake cewa a hana, ita ce bargonsu. Na taɓa raka wasu baƙi masu ilimi waɗanda suka karanta duk abin da Baba ya faɗa, suka hana a kunna ko ƙirare, suka kwanta lafiya. Wajen ƙarfe uku na dare na fito na tarar da yaro ɗaya yana ta zagaye sansanin yana buga ƙafa a ƙasa, haƙoransa suna haɗuwa har ana jin ƙararsu, domin yana tsoron idan ya zauna ba zai tashi ba. Na ba shi bargona, na koma na zauna har asuba. Tun daga ranar nake jin nauyin duk wata doka da mai ɗumi zai kafa wa mai jin sanyi.

Ban musanta cewa kurmin yana ƙarewa ba, a gabanmu yake ƙarewa, kuma mu ne za mu fara rasa ruwan. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya hana wuta ya ɗauki nauyin abin da wutar take yi. Idan Malam da abokansa za su iya tara kuɗi shekara biyu domin wannan tafiya, to su sa tanti na uku da barguna da abinci mai zafi na 'yan dako da jami'in gandu a cikin lissafi. Idan ba za su iya ba, to a bar mutane su hura 'yar wuta ƙarama a murhun da aka saba, a kan dutse, su tsare ta. Su sun fi kowa sanin yadda ake kashe ta.

'Yar Makiyaya:

Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban taɓa magana ba, amma wannan ta shafi gidanmu, domin a ruga aka haife ni a kan waɗannan tsaunuka kafin karatu ya kawo ni birni.

Ina goyon bayan Yaya Ɗan Gembu a kan 'yan dako, kuma ina so in ƙara wani abu da baƙi ba su cika sani ba. Dutsen da kuke cewa za ku je daji, ga wasu mutane gida ne. An kafa gandun a 1991, amma akwai Fulani da shanunsu a saman tun kafin haka, shi ya sa aka bar wasu yankuna a cikinsa inda aka yarda mutane su zauna su yi kiwo. Sun zaɓi saman ne saboda sanyi yana korar tsando, wanda yake kashe shanu a kwari. Don haka idan kun hango ruga, kada ku kafa tanti a hanyar da shanu suke bi zuwa ruwa, kada ku ɗaga waya ku ɗauki hoton mata ba ku tambaya ba, kuma ku tura ɗan jagoranku ya yi sallama ga dattijon wurin tun kafin ku sauke kaya. Ɗan sukari da ganyen shayi da gishiri da kuka riƙo a matsayin gaisuwa za su buɗe muku ƙofar da kuɗi ba zai buɗe ba, kuma da safe za ku ga an aiko muku da ƙwaryar nono.

A kan wuta kuma, na san idan aka yi maganar ƙonewar daji mu ake kallo, ko da ba a ambaci sunanmu ba. Gaskiya ne makiyaya suna ƙona ciyawa da rani domin toho ya fito shanu su samu abin ci, kuma domin rage kaska. Ba zan ce wutarmu ba ta taɓa cin gefen kurmi ba, ta ci, kuma na ji mahaifina yana faɗa da samari a kan haka. Amma shi idan zai sa wuta yana duba lokaci, yana duba inda iska ta dosa, ya san rafin da zai tare ta, ya san inda rugar maƙwabcinsa take. Baƙo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan wutarsa ta kuɓuce ta cinye makiyaya a lokacin da bai dace ba, shi yana cikin mota ya kama hanyar Jalingo, mu ne za mu kwana da shanu masu yunwa, kuma mu ne jami'ai za su zo su tuhuma.

Tsohon Malamin Daji:

Ɗan Gembu, ka yi mini gyara a inda ya dace, kuma na karɓa. Na yi shekaru ina hawa da 'yan dako, na san yaron da ka kwatanta, na ga irinsa da yawa, kuma bai kamata in yi maganar wuta in manta da shi ba. 'Yata, ke ma na ji ki, ban kuma nufi ɗora wa makiyaya laifi su kaɗai ba. Masu saran katako da masu farauta da masu share gona a gangare duk suna da kasonsu, kuma ɓarnar da aka yi wa madobiya a ƙasan Taraba cikin 'yan shekaru ba makiyayi ne ya yi ta ba.

Amma ina nan a kan abu ɗaya, ba zan sauka ba: itacen kurmi kada a taɓa shi, ko ɗanye ko busasshe. Idan dole sai an hura wuta saboda mutane, to akwai mafita a hannunku. Tudun Mambila cike yake da bishiyar turare wadda mutane suka shuka da hannunsu domin itace da katako, tana girma da sauri, ana sayar da ita a ƙauyuka. Ku sayi dami biyu a inda za ku fara tafiya, ku ɗauki ƙarin ɗan dako ɗaya ku biya shi ya ɗauka. Kun ba mutum aiki, kun sayi kayan mai gona, kurmi kuma ya kwana lafiya. Dama itacen cikin kurmi jiƙaƙƙe ne, hayaƙi zai fi ba ku a kan ɗumi.

Wutar kuma ta zama ɗaya, ƙarama, a tsohon murhu idan akwai, a kan dutse ko ƙasa tsirara, a share ciyawa taku uku ta kowane gefe, mutum ɗaya ya zauna a kanta muddin tana ci. Idan iska ta tashi da ƙarfi a kashe ta ko da ana jin sanyi, shi ya sa tanti da bargunan da Ɗan Gembu ya faɗa ba su da makawa. Da safe a zuba ruwa, a juya tokar da sanda, a sake zubawa, sannan mutum ya sa bayan hannunsa a ciki. Idan bai iya barin hannun a wurin ba, to ba ta mutu ba. Sama da duk wannan, idan jami'in gandu ya ce yau babu wuta, maganarsa ce ta ƙarshe.

Ɗalibin Ilmi:

Malam ya ambaci sallar asuba a kan dutse, don haka zan ɗan taɓa wannan ɓangare, tunda yana da alaƙa da ruwa da wuta. Tafiyarku ta wuce nisan ƙasaru nesa, kuma a mazhabar Malikiyya matafiyi yana ci gaba da ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. Alƙibla daga wannan yanki tana gabas ne ta karkata zuwa arewa, kuma gara ku tantance ta tun da rana ku ajiye dutse a matsayin alama, domin da asuba hazo yana iya rufe komai, waya kuma ta mutu saboda sanyi.

Alwala ita ce jarrabawa. Shari'a ta yi sauƙin taimama ga wanda yake tsoron ruwa zai cutar da shi, amma wanda yake da halin ɗumama ruwan ya ɗumama, don haka ku sa ruwan alwala a cikin lissafin gas ɗinku, ku kuma cika fulas tun da dare. Ku ɗebo ruwa a buta ku matsa nesa da rafi kafin ku yi tsarki ko alwala, haka nan wurin biyan buƙata ya yi nisa da ruwa sosai, a haƙa rami a binne, domin an hana ƙazantar da mashayar mutane, kuma 'yar uwarmu ta gaya mana akwai mutane da shanunsu da ke zaune a kan dutsen.

Ɗan Gembu:

Baba, wannan mafita ta bishiyar turare na yarda da ita, kuma zan fara ba baƙina ita daga bana. Sai dai ina ganin dami biyu ba zai kai mutum goma sha biyu dare biyu ba idan za a yi girki da shi, don haka girki ya tsaya a kan gas, itace na ɗumi ne kawai daga isha'i zuwa lokacin kwanciya, sai kuma da asuba.

Malam, a kan abinci, kada ku ɗauki ɗanyen wake, domin a can sama zai cinye muku gas bai nuna ba. Ku riƙe taliya da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino da gyaɗa, da sukari mai yawa. Ganyen shayi kuwa ku bari sai kun hau tudu ku saya, tunda a Kakara ake noma shi. Idan kuna da kwana ɗaya na rara, ku nemi izini ku fara da Ngel Nyaki, inda masu bincike suke da tasha, ku gwada kayanku a mita 1,500 kafin ku kai su sama. A can ne, idan an yi sa'a, ake jin babban birin nan chimpanzee, wanda mutanen Gashaka suke kira biri mai ganga, yana dukan gindin bishiya daga cikin kurmi.

Bakano Mai Yawo:

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Mun zauna jiya da dare mu shida, muka karanta duk abin da aka rubuta daga farko har ƙarshe, kuma ga abin da muka tsayar. An bar maganar gawayi gaba ɗaya. Za mu ƙara tanti na uku da barguna da katifun soso domin 'yan dako da jami'in gandu, kuma tukunya ɗaya za mu ci da su. Da muka yi lissafi sai muka ga kuɗin ya haura abin da muka tara, don haka mun ɗaga tafiyar daga farkon Janairu zuwa ƙarshensa domin albashi ɗaya ya ƙara shigowa, mun kuma soke kwanan otal da muka yi niyyar yi a Jalingo a kan hanyar dawowa.

Ɗaya daga cikinmu har yanzu yana ganin ko itacen turaren bai kamata a hura ba a tsakiyar rani, tunda tartsatsi bai san itacen da ya fito daga gare shi ba, kuma labarin da Baba ya bayar na tokar da iska ta tone ya tsaya masa a rai. Mun bar wannan ga jami'in da zai raka mu da kuma yanayin iskar daren. Tambayata ta ƙarshe ita ce shara: gwangwanaye da ledoji da tukunyar gas idan ta ƙare, shin ana binne su ne ko akwai inda ake tarawa?

Tsohon Malamin Daji:

Kada ku binne komai, ɗana, domin bika da sauran namun daji za su tone shi kafin ku kai gindin dutse, shanu kuma suna haɗiye leda ta toshe musu ciki. Ku tafi da buhu biyu babu komai a ciki, ɗaya na gwangwani da tukunyar gas, ɗaya na leda, ku murƙushe gwangwanayen da dutse su rage wuri. Ɗan dakon da ya hau da itace zai sauko hannu sake, shi zai ɗauko su, ku biya shi kuɗin saukowa kamar yadda kuka biya na hawa, ku kuma sa buhunan a motarku har Serti.